Wuƙar Modibbo

Leipzig, Jamus
16 ga Yuli, 2017

Ƙanena Nu'uman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Baba da Dada ma suna lafiya. Ni ƙalau nake, ban da haƙorin nan na hagu da ya sake tashi. Likitan nan ya leƙa bakina, ya tambaye ni wa ya yi min cikon farko. Na ce wani bawan Allah ne a Jimeta. Ya yi shiru irin na zaman makoki.

Na koma rubuto maka wasiƙa ne saboda a gidanmu ba a amsa waya, taro ake yi. Da na kira, Dada za ta ce a buɗe murya kowa ya ji, Goggo ta jawo kujerarta, in tambayi lafiyar Baba, kai kuma ka ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi don ya jiyo daga zaure. Shekara uku ke nan ina jin wannan alhamdu lillahin, ban san abin da ke cikinsa ba.

Ran nan ka tambaye ni wane irin karatu ne wannan da ya ƙi ƙarewa. Littattafan labari na Ingila da na Jamus nake bi, ina duba yadda iko ya zame daga hannun iyaye maza. Kusan labarin ɗaya ne. Uba na zaune a bakin tebur, agogo a aljihu, ba mai ɗaga cokali sai ya ɗaga. Sai a yi yaƙi. Maza su tafi, waɗanda suka dawo su dawo ba baki, mata kuwa sun riga sun koyi hanyar ofishin biyan kuɗin wuta. Uban yana nan a kujerarsa, amma kowa ya ci abincinsa ya tashi. Malamata, wata dattijuwa mai zuwa aiki a kan keke, tana ganin abin murna ne. Ni ma haka nake rubutawa, tunda ita za ta sa hannu.

Abin da ya ba ni dariya a makon nan: a littattafan Ingila maigida ne ke yanka nama ranar Lahadi, iyali na kallonsa cikin ladabi. Naman da mata suka riga suka gasa fa, a faranti. Ita ce mazantakar. Na rufe littafin na tuna Baba ranar jajibirin babbar sallah, a ƙarƙashin dalbejiya, da dutsensa da kwanon ruwa, ya juya wa ragon baya don kada ya ga ana wasa masa wuƙa. Ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Kashegari a sauko daga idi, ya yanka namu, sannan ya bi gidajen unguwarmu Luggere ɗaya bayan ɗaya, yayanmu Hamma Abdulhakeem na biye da shi da buta, yara na ta shelar ga Modibbo nan. Ya dawo da azahar, farar rigarsa ko ɗigo babu. Ni ana korata wai mata ba sa kallo, in je in leƙa ta tagar ɗakin Dada.

Sallah ta ƙarato. Ya fito da dutsen? Ka rubuto min gaskiya, ba irin ta waya ba.

Yayarka,
Zulaihatu


Luggere, Jimeta
23 ga Yuli, 2017

Adda Zulai,

Na samu wasiƙarki, na gode. Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, Benuwe ya cika har ana zuwa kan gada kallo. Gwiwar Dada tana nan yadda kika bar ta. Makarantar da nake koyarwa a Jambutu an yi hutu, don haka ina gida, ina jin komai.

Tunda gaskiya kike so, ga ta. Hannun Baba na dama yana rawa. Ya fara ne bayan tafiyarki, yanzu ya yi ƙarfi. Shayi rabin kofi Dada ke zuba masa, ta ce sukari ne ya yi tsada. In baƙi suka zo yana cusa hannun a aljihu. Ba ya yarda a kai shi asibiti, ya ce sanyin damina ne, ko da rani.

Akwai abin da ba a gaya miki ba a sallar bara. Zan faɗa miki yadda Dada ta ba ni labari. An kwantar da rago, Baba ya ɗora wuƙa, ya ja, sai ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ragon ya fizge daga hannun masu riƙo, ya zagaye tsakar gida da rabin yanka. Kafin a kama shi, a ɗauko wuƙar, a wanke mata ƙasa, an daɗe. Baba ya ƙarasa, ya yi hamdala, ya shige ɗaki.

Dada ta tura Goggo wajen wani malami a Yola, ta yi tambayar kamar a wani gida abin ya faru. Ya ce in an ɗage hannu aka daɗe haka kafin a dawo, kada a ci. Sai aka jira Baba ya tafi la'asar, aka haƙa rami a bayan gida. Dada ta aika kasuwa aka sayo nama, aka soya, aka kai masa a kwanonsa. Ya ci, ya ce ragon bana ya yi mai.

Maƙwabta kuwa kada ki damu da su. Tun kafin wannan suka fara komawa wajen mahauta, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Yanzu layinmu ranar sallah samari ne ke yawo da wuƙaƙe a buhu suna tambayar akwai aiki.

Dutsen kuwa ya fito da shi tun shekaranjiya. Ya wanke, ya jingina a gindin dalbejiya. Dada ta gani, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ta ce, "Nu'umanu, bana ma rami za mu haƙa?" Goggo ta ce a faɗa masa. Dada ta ce to ke ki faɗa, ai yayanki ne. Goggo ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ke da kike karanta yadda ake sauke iyaye daga kujera, ya ake yi? Mu dai layyarmu muke so ta karɓu, kuma ba ma so mu ga fuskarsa in an faɗa masa.

Ƙanenki,
Nu'uman


Leipzig
26 ga Yuli, 2017

Nu'uman,

Ina gaishe ku duka. An cire haƙorin, yanzu ina magana kamar Goggo.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin karatu, sai da na fita waje. Ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya kafin in yi kuka. Gida guda, manya da hankalinsu, a binne rago a sayo wani, don kada mutum ɗaya ya ji kunya. In na sa wannan a rubutuna malamata za ta ja layi a ƙarƙashi ta ce ƙari na yi.

Ka tambayi yadda ake yi a littattafan. Ɗan ne ke tashi tsaye a tsakiyar cin abinci, ya faɗa wa uban duk abin da ya tara tun yana ƙarami, shafi ashirin ba numfashi. Uban ya yi jawur, ya buga tebur, ɗan ya ɗauki hularsa ya kama jirgin ƙasa. A na Jamus ma wani lokaci ba ya iya faɗa, sai ya rubuta ya ajiye a akwati. Mu ba mu da tebur, jirgin ƙasa bai zo Yola ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi wa Baba jimla uku a jere ba. Ni kaina da digiri biyu, in ya ce "Zulaihatu" a waya, sai in ji na gyara ɗankwali.

Ka tuna ranar da wutar lantarki ta kama shagon Alhaji Mika'ilu, mutane na ta gudu, Baba ya fito da tafiyarsa ta zuwa masallaci, ya ce wane ya kawo yashi, wane ya kashe mita, kowa ya yi? Ban taɓa tambayar kaina ko ya san abin da yake yi ba. A lokacin gani nake in ya ce wa wutar ta mutu, za ta mutu. Wani lokaci a nan, in dusar ƙanƙara ta rufe gari, irin wannan muryar nake nema in ji, ga shi kuma aikina shi ne in rubuta cewa gara da aka rabu da ita.

Amma maganar layya ban ga abin wahala ba. Ba sai an faɗa masa komai ba. A gidan akwai namiji ɗan shekara ashirin da biyar da hannunsa ba ya rawa. Ka durƙusa ka ce kana so ya koya maka, ya tsaya a kanka yana gyara maka riƙo. Zai ji daɗi ma. Da Hamma Abdulhakeem yana nan ai da ba mu zauna wannan shawarar ba.

Ka shafa wa Dada man nan da na aiko, kada ta ajiye shi a cikin kwalla tana jiran babban ciwo.

Zulaihatu


Leipzig
12 ga Agusta, 2017

Nu'uman,

Lafiya kuwa? Na ji shiru. Na kira sau biyu, Dada ta ce ka fita, ina kuwa jin rediyonka a ɗaki. Na tambayi Goggo, ta ce ƙalau kake, ka dai rage cin abinci, ta ɗora laifin a kan wata yarinya a unguwar Shagari Low Cost da ni ban san da ita ba.

Na sake karanta abin da na rubuto maka, ban ga inda na yi ɓarna ba, wanda hakan ke nuna na yi babba. In dariyar ragon ce, ka yafe min, ka san bakina. In wani abu ne, ka faɗa. An ce wata zai tsaya nan da kwanaki kaɗan, kuma dutsen nan yana jingine.

Addarka


Luggere
18 ga Agusta, 2017

Adda,

Muna lafiya. An sayo rago, fari mai baƙin kunne. Baba da kansa ya je kasuwa ya zaɓa.

Ba dariyar ba ce. Kin ce da Hamma yana nan da ba a zauna shawara ba. Na sani. Kowa a gidan nan ya sani. Hamma ya je Mubi ɗauko ni daga makaranta ranar da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga, muka saɓa a hanya, ni na dawo da ƙafa ta cikin duwatsu, shi har yau ba labarinsa. Ba wanda ya taɓa ce min wanda ya kamata ya dawo ba shi ya dawo ba. Amma ina ganin yadda Baba ke kallon ƙofa in na shigo, kamar akwai wani a bayana. Ban zaci zan karanta shi a rubuce daga wajenki ba.

Na ce miki labarin bara Dada ce ta ba ni. Ke da ake biya ki karanta abin da ke tsakanin layi, ba ki tambayi ina nake ba. Ina ɗaki, na rufe taga, na ƙure rediyo. Haka na yi waccan shekarar ma.

Kin tafi kafin abin ya faru, don haka ba ki ga yadda na dawo ba. A hanyar nan na ga mutane a gefen titi, an kwantar da su yadda muke kwantar da rago. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Tun daga ranar ba na bin layin 'yan nama a kasuwa, gara in zagaya ta wajen masu yadi. In Dada za ta sa a yanka kaza sai ta aike ni sayen maggi, ko da akwai. Ita ta gane, ba ta tambaya ba.

Baba bai tambaya ba shi ma, amma shi ban san ko ya gane ba. Ran nan wani abokinsa ya zo daga Yola, ina kawo musu ruwa, na ji yana cewa, "Wannan malamin boko ne, ko kaza ba ya yankawa." Suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Da da mugunta ne da ya fi sauƙi.

To ga namijin da kika ce akwai a gida. Hannuna ba ya rawa in alli na riƙe.

Nu'uman


Leipzig
20 ga Agusta, 2017

Ƙanena,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Kewar Hamma nake nufi, ba awo nake yi tsakaninku ba. Amma na duba jimlar, ta faɗi abin da ka ji, kuma ni na rubuta ta. Ka yafe min. Na yi babi guda a kan samarin da suka dawo daga yaƙi suka kasa shiga shagon mai nama, an yaba min a kansa, wani farfesa har ya ce ina da ido. Ƙanena na can yana zagayawa ta wajen masu yadi, idon bai gani ba.

Ranar da aka ce ka shigo gida daga Mubi, ina tashar jirgin ƙasa Dada ta kira ni. Na zauna a ƙasa a gaban Jamusawa, da jakata da komai, wata tsohuwa ta miƙo min ruwa. Ban taɓa gaya maka ba saboda a gidanmu ba a faɗin irin wannan, sai dai a tambayi mutum ko ya ci abinci.

Ka manta da shawarata ta farko. Ga wata, ka auna ta da kyau tunda ka ga yadda nake kuskure. Baba ba ya barin filin idi da wuri. Sai ya gaisa da duk wanda suka yi aiki tare a ma'aikatar ilimi, da 'ya'yansu, sannan ya jira motar Alhaji Mika'ilu, ga kuma cunkoson binciken da ake yi a ƙofa tun da aka fara tashin bama-bamai. Ku sa mahauci ya zauna a gida tun da safe. Kai ka tsaya a filin, da liman ya yanka nasa ka buga waya, mahauci ya yi aikinsa. Kafin Baba ya iso an rataye. Dada ta ce masa ragon ne ya tsinke igiya ya ji ciwo, aka ji tsoron kada ya mutu. Ba za ka ga jini ba, ba za a haƙa rami ba, ba wanda zai tsaya gaban Baba ya faɗi komai.

Na san wannan ma ƙarya ce, ƙanwar ta bara. Amma a wannan aƙalla za a ci ragon.

Zulaihatu


Luggere
3 ga Satumba, 2017

Adda Zulai,

Barka da sallah. Kowa lafiya. Gidan duk ƙamshin suya, Goggo ta ƙone yatsa tana ta ba da labarinsa. Na yafe miki tun ranar, kasala ce ta hana ni rubutu.

Mun bi shawararki. Ranar jajibiri Baba ya zauna ya wasa wuƙar, muna kallo ta labule. Ya daɗe ƙwarai, don dutsen ma sai da ya danne shi da ƙafa. Da safe Ɗanburam mahauci ya zo ya ɓuya a kicin, Dada ta ba shi shayi. Na yi waya daga filin idi kamar yadda kika ce, na bi ta doguwar hanya, na iso an wanke tsakar gida.

Baba ya shigo ya ga rago a rataye a dalbejiya. Ya tsaya. Dada ta buɗe baki za ta fara maganar igiya, ya ɗaga mata hannu.

"Wa ya yanka?"

Ɗanburam ya durƙusa. "Ni ne, Modibbo. Barka da sallah."

"Liman ya riga ya yanka nasa?"

"Ya yanka. Malam Nu'uman ya yo waya."

Ya dube ni, ya ce madalla, ya shiga ɗaki. Na ce a raina an gama, gara haka.

Mun manta da Hajiya Baraka. Ke kin manta, ni na manta, Dada ma. Tun rasuwar mijinta Baba ke yanka mata, ita kaɗai ce ba ta koma wajen mahauta ba. Bara tana Makka, shi ya sa ta fita daga lissafinmu. Sai ga ta a zaure da carbinta, tana magana yadda kika san tana yi, har bakin titi ana ji.

"Modibbo yana ciki? Ragona tun asuba yake kuka, jikoki na kuka, ni ma saura kaɗan. Ko sai na aiko da mota?"

Ya fito da wuƙar a naɗe cikin ƙyalle. Dada ta dube ni. Ban san lokacin da na ɗauki buta na bi shi ba.

Gidan Hajiya cike yake, 'ya'ya da jikoki da mutanen Michika da take ba haya tun lokacin gudun hijira. Ɗaya daga cikinsu, Abednego, shi ya kayar da ragon ya danne ƙafafu, ya ce ya saba, duk shekara shi ke yi wa Musulmin gidan riƙo. Baba ya warware ƙyallen, ya sunkuya, ya kai wuƙar. Adda, ina jin bakinta yana bugun ƙahon ragon, ƙas ƙas ƙas. Kowa na ji. Wata mata ta ja ɗanta ta shige ɗaki.

Ya miƙe. Ya ce min, "Riƙe min in naɗe hannun riga."

Na ajiye buta na karɓa. Ya naɗe na dama a hankali, ya naɗe na hagu. Ya warware na dama ya sake naɗewa. Sannan ya tsaya yana kallon katanga, bai miƙo hannu ba. Sai na gane ba zai karɓa ba. A gaban mutane ya ba ni, ta hanyar da ba wanda zai ce ya bayar.

Na so in yi. Wallahi na so. Na kalli wuyan ragon, na ji warin hanyar nan a hancina. Na ce, "Baba, ba zan iya ba." Na zaci a hankali na faɗa, ashe har na bakin ƙofa sun ji.

Ya juyo ya dube ni. Ni ya duba, ba bayana ba. Ya ce, "Ni ma."

Ragon ne kawai ke numfashi. Can Hajiya Baraka ta gyara mayafi ta ce, "To, ni dai ba zan ci rago da ransa ba. Abednego, sake shi ya sha iska, je ka kira min mahaucin nan tun bai bar layin ba. Ku kuma me kuke kallo, ba ku taɓa ganin dattijo ya gaji ba?"

Da Ɗanburam ya zo na miƙa masa wuƙar na fita waje. Ban yi zaton Baba zai biyo ni ba, don shi ke yi wa Hajiya addu'a a kan yanka. Sai ga shi, wai ciki ya yi zafi. Muka tsaya a inuwar katanga, ba mai kallon wani. Ya ce, "A hanyar Mubi ne?"

Na ce e.

Hannunsa yana ta rawa, bai sa shi a aljihu ba. Ya ce, "Ka gan shi a cikinsu?"

Na ce, "A'a, Baba. Na duba. Ban gan shi ba."

Ya gyaɗa kai. Shekara uku, Adda. Ni ina zaton raina ni ya yi, shi kuma yana zaton na ga Hamma na ɓoye masa, yana tsoron ya tambaya.

Ɗanburam ya fito da wuƙar a wanke, yana cewa bai taɓa riƙe mai kaifinta ba. Baba ya ce ya riƙe ta, ta fi amfani a wajensa. Muka taho gida, ya dafa kafaɗata saboda taɓo. Inda babu taɓon ma bai sauke hannun ba.

Dada ta ce in tambaye ki ko ana barin soyayyen nama ya shiga Jamus, don akwai mai tafiya.

Ƙanenki,
Nu'uman


Leipzig
5 ga Satumba, 2017

Nu'uman,

Barkanmu da sallah. Ina lafiya. Ka ce wa Dada ba a bari, za su ƙwace a filin jirgi, kuma ba na so wani ma'aikacin kwastan ya ci layyarmu.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Na nemi abin ban dariya da zan ce, tunda shi na iya, ban samu ba. Na yi shekaru ina bin iyaye maza a littattafai, na ga wanda aka kora, na ga wanda ya haukace, na ga wanda ya mutu yana ba da umarni ba mai ji. Ban gamu da wanda ya ce "ni ma" ba. Ban san a wane babi zan sa shi ba, kuma ina jin ba zan sa shi ba.

Jiya na kira Baba a wayarsa, ba ta Dada ba. Ya ɗauka da kansa, sai da ya daɗe yana neman madannin. Mun yi maganar ruwa, da gada, da yatsan Goggo. Sai ya ce, "Ke a can wa ya yanka miki?" Na ce wani shagon Baturke ne, a leda ake sayarwa. Ya ce, "Ya iya?" Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce to bana duk na hannun wani muka ci.

Ya ce ranar Litinin za ka raka shi asibiti a duba hannun, wai kai ka matsa. Na san ba ka matsa ba, amma ka shirya.

Da za mu yi sallama ya ce in gaishe ka. Na ce Baba, ai gida ɗaya kuke. Ya ce ya sani, in dai gaishe ka.

To, Baba yana gaishe ka.

Addarka,
Zulaihatu